Maki Nawa Ka Ci, Jifa Nawa Ka Ɓarar?

Wata Asabar da la'asar, a wani filin ƙwallon kwando na siminti a nan cikin garin Gombe, yaran unguwarmu suka kara da na wata unguwa, aka ci namu. Tazarar ba ta da yawa, amma ci sunansa ci. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne yadda aka watse. Wanda ya fi kowa zura ƙwallo a ɓangarenmu ɗan ƙanena ne. Ya fito yana washe baki, abokai sun kewaye shi ana tafawa, wani yana nuna masa bidiyon da ya ɗauka a waya. Sauran huɗun suna gefe suna kwance igiyar takalmi, ko sannu ba wanda ya ce musu. Da ya iso inda nake zaune sai ya ce, "Baffa, ka ga aiki yau? Ni kaɗai na ci musu sama da maki 20." Na ce na gani, Allah ya yi albarka. Daga nan na tambaye shi sau nawa ya jefa. Ya yi turus, ya ce, "Wa yake ƙirga wannan kuma?" Na ce ni nake ƙirgawa.

Ni mai harkar hatsi ne a Tudun Hatsi. Ƙwallon kwando tun a sakandare na buga ta, yanzu gwiwa ta ce a'a, sai kallo da surutu. Amma kasuwa ta koya mini abin da nake ganin yaranmu sun kasa ganewa a fili. Idan mutum ya shigo rumfa yana cewa yau ya yi cinikin buhu 200 na masara, ba wanda zai tashi ya rungume shi. Tambayar farko ita ce nawa ya saro. Ta biyu, nawa ya biya mota da 'yan dako. Akwai wanda zai sayar da buhu 200 ya koma gida ya ci uwar kuɗi, akwai wanda zai sayar da 30 ya kwana da riba. Maki a ƙwallon kwando ciniki ne. Jifan da ka yi kafin ka same su shi ne jarin, kuma jarin nan ba naka ba ne kai kaɗai, na mutum biyar ne.

Ga dalili. Tsarin wasan nan karɓa-karɓa ne: kun kai hari, ko ta shiga ko ba ta shiga ba, ƙwallo za ta koma hannun abokan karawa, sai su ma su kai nasu. Akwai agogon daƙiƙa 24 da ke hana kowa riƙe ta ya kwanta a kai. Wasa kuma minti 40 ne a dokar FIBA da muke bi a nan, 48 a gasar NBA ta Amurka. Saboda haka idan aka tashi, yawan harin da ɓangarorin biyu suka kai kusan ɗaya ne. Wanda ya fi amfana da nasa rabon shi ne ya ci wasa.

Mu ɗauki misali kawai. A ce ƙungiya ta samu hari 70 a wasa. Ɗan wasa guda ya jefa sau 30, 11 suka shiga, ya tashi da maki 22. Ya kuma ɓarar da ƙwallo sau 5, ko an ƙwace a hannunsa ko ya ba da fas ɗin da ya faɗa hannun abokin gaba. Ka ga rabin harin ƙungiyar ke nan ya ƙare a hannunsa, abin da ya kawo kuwa maki 22. Idan ana buƙatar maki 70 kafin a yi nasara, to ya bar wa mutum huɗu bashin maki 48 su biya da rabin da ya rage. Wani kuma a gefensa ya jefa sau 10, 7 suka shiga, maki 14. In an zo labari a wurin mai shayi da daddare, na farkon za a kira gwarzo. Na biyun ko sunansa ba za a ambata ba.

Kada wani ya ce wannan lissafin ɗan kasuwa ne kawai. Tarihin wasan ya riga ya yi gwajin da babban mutum. A kakar 1961 zuwa 1962, Wilt Chamberlain na ƙungiyar Philadelphia Warriors ya riƙa cin maki 50.4 a kowane wasa in an raba daidai. A ranar 2 ga Maris 1962 ya ci maki 100 shi kaɗai a karawa da New York Knicks. Har yau ba wanda ya kamo ko ɗaya daga cikin biyun. To wa ya ɗauki kofi a shekarar? Boston Celtics, waɗanda suka fitar da su Wilt kafin a kai wasan ƙarshe. Jagoransu Bill Russell maki 18.9 yake ci a wasa, ko rabin na Wilt bai kai ba. A lokacin 'yan wasa ne da kansu suke kaɗa ƙuri'ar zaɓen gwarzon shekara, kuma Russell suka zaɓa. Waɗanda suke shan gwiwar hannu a ƙarƙashin kwando sun san wanda yake hana su barci.

Inda labarin ya fi yi mini daɗi shi ne bayan shekara 5. Wilt ya koma Philadelphia 76ers, kocinsa Alex Hannum ya shawo kansa ya rage jifa, ya riƙa raba ƙwallo, ya mai da hankali kan tsaron gida. Makinsa ya sauko zuwa 24.1 a wasa, ƙasa da rabin na da. Amma cikin kowane jifa 100 da ya yi, kusan 68 suna shiga, yana kuma ba da fas kusan 8 a wasa da ake ci da su. Ƙungiyar ta ci wasa 68 ta faɗi 13 kacal, ta kawar da Boston da ta yi shekara 8 a jere tana ɗaukar kofi, sannan ta ɗauki kofin 1967. Mutum ɗaya ne, jiki ɗaya, tsayi ɗaya. Shekarar da ya yi kasuwar da ta girgiza duniya ya koma gida hannu rabbana, shekarar da ya rage ciniki ya ga riba.

Irin wannan ba sau ɗaya ba ne. A kakar da ta ƙare a 2004, Tracy McGrady ne ya fi kowa cin maki a NBA, ƙungiyarsa Orlando Magic kuwa ita ce ta ƙarshe a gasar baki ɗaya, nasara 21, faɗuwa 61. A wannan shekarar Detroit Pistons, waɗanda ba su da ko mutum ɗaya mai cin maki 20 a wasa, suka doke Lakers ta su Shaquille O'Neal da Kobe Bryant suka ɗauki kofi. A Maris na 2017 Devin Booker ya ci maki 70 a gidan Boston, aka ci ƙungiyarsa 130 da 120, bayan wasa kuma suka shiga ɗaki suka ɗauki hoto ana dariya. Ranar da na ga hoton nan, irin wannan fuskar ce na gani a wurin ɗan ƙanena.

Mu dawo gida. A gasar Olamfik ta Landan a 2012, Amurka ta lallasa D'Tigers, tawagar maza ta Nijeriya, 156 da 73. Ike Diogu ya ci mana maki 27 a wasan, kuma ya yi ƙoƙari, ba mai musu. Amma ba wanda zai ce 27 ɗin nan sun taɓa sakamakon. Shekara 9 bayan haka, a Yuli 2021, muka ci Amurkan nan 90 da 87 a wasan share fage. Wanda ya fi cin maki a namu, Gabe Vincent, 21 ya ci, bai ma kai na Diogu ba. Abin da ya kayar da su jifan maki uku ne har guda 20 da suka shiga daga hannuwa dabam-dabam, ta yadda ba su san wanda za su tare ba. Da aka je Olamfik ta Tokiyo bayan 'yan makonni, Jordan Nwora ya ci maki 33 a karawa da Jamus, aka ci mu 99 da 92, muka dawo ba mu ci wasa ko ɗaya ba. Matanmu D'Tigress kuwa, da suka kai zagayen kusa da na kusa da ƙarshe a Faris a 2024, wanda babu wata tawagar Afirka, maza ko mata, da ta taɓa kaiwa a Olamfik, duk wanda ya kalli yadda suka ci Ostareliya 75 da 62 ya san da me suka ci. Matsi ne. Sun hana su sakat, suna ƙwace ƙwallo tun daga tsakiyar fili.

To amma gaskiya ɗaya ce, dole in faɗi inda maganata take da rauni, tun kafin masu gardamar gidan kallo su faɗa mini. Michael Jordan ya ɗauki kofi sau 6, kuma a duk shekarun shidan shi ne ya fi kowa cin maki a gasar. Shai Gilgeous-Alexander ya haɗa biyun a 2025. Kenan yawan maki ba laifi ba ne. Sai dai a duba: daga O'Neal a 2000 har zuwa 2025 ɗin nan, babu sarkin maki ko ɗaya da ya ɗaga kofi a shekarar sarautarsa. Shi kansa Jordan, shekarar da ya fi zuba maki ita ce 1987, da 37.1 a wasa, ƙungiyarsa Chicago Bulls kuma ta faɗi wasa 42 ta ci 40, aka kore ta a zagayen farko ba ta ci ko ɗaya ba. Ba na ɗora masa laifin wannan. A lokacin ba shi da mataimaka, in bai jefa ba wa zai jefa? Wannan ma wani abu ne da takardar lissafin wasa ba ta faɗa: wani lokaci yawan makin mutum ɗaya alama ce ta talaucin ƙungiya, kamar gidan da mutum ɗaya ke fita nema.

Akwai kuma hakkin mai yawan jifa da bai kamata a danne ba. Idan agogo ya rage daƙiƙa 3 kowa ya rasa yadda zai yi, shi ake miƙa wa ƙwallo ya jefa a takure. Idan ta ƙi shiga, a kansa za a rubuta. Idan mutum biyu suka rufe shi, wani ya samu fili ya zura cikin sauƙi, wancan ɗin ne lissafinsa zai yi kyau. Saboda haka mai 7 cikin 10 na misalin da na kawo, mai yiwuwa inuwar mai 11 cikin 30 yake sha. Na yarda da wannan. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ce kowane yaro mai rowar fas yana cikin wannan sahu. Mafi yawansu ba wanda ya rufe su da mutum biyu, su ne suke kutsawa cikin mutum uku da kansu.

Labarin Russell Westbrook ya fi ɗaure kai. A kakar 2016 zuwa 2017 ya yi abin da ake kira tiriful-dabul sau 42, wato ya kai 10 ko fiye a fanni uku cikin wasa guda: maki, cafe ƙwallon da ta dawo daga kwando, da fas ɗin da aka ci da shi. A wasannin nan 42, ƙungiyarsa Oklahoma City Thunder ta ci 33. Mai son sa zai ce ka gani, alƙalumansa ne suke kawo nasara. Ni kuma sai in ce a yi hankali da wane ne ya haifi wani. Fas ba ya shiga lissafi sai wanda ka ba wa ya zura. Ba ka cafe ƙwallo a kwandonku sai abokin gaba ya jefa ta ƙi shiga. Ashe ranar da abokansa suke zurawa, abokan gaba kuma suke ɓararwa, ranar ce takardarsa take cika, kuma irin ranar nan dama ranar nasara ce. Ban ce bai yi aiki ba, ya yi aikin da ya ba shi kyautar gwarzon shekara. Amma an fitar da su a zagayen farko, wasa 4 da 1, a hannun Houston.

Sai abin da ba a rubutawa sam. NBA ba ta fara lissafa buge jifa (wato doke ƙwallon da abokin gaba ya jefa kafin ta kai kwando) da ƙwace ƙwallo ba sai a kakar 1973 zuwa 1974. Bill Russell ya yi ritaya a 1969 da kofi 11 cikin shekara 13, babban makaminsa kuma buge jifa ne, amma in ka buɗe tarihinsa ba za ka ga ko guda ɗaya a rubuce ba. Namu Hakeem Olajuwon, haifaffen Legas, shi ke riƙe da kambun buge jifa da 3,830, kuma muna alfahari da shi. Duk da haka, ko a nasa lissafin babu jifan da mutum ya fasa yi don ya hango Hakeem a tsaye. A takarda babu wanda ya tsaya ya yi wa ɗan'uwansa shinge da ƙirji har ya samu hanya. Babu wanda ya danne babban ɗan wasan abokan gaba da baya don wani ya cafe ƙwallo a sake. Babu mai yin magana a baya yana cewa ga mutum ta hagunka. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. A filinmu akwai wani yaro gajere mai kauri da nake kira Katanga, da ƙyar yake cin maki 4, amma duk ranar da bai zo ba sai an zura mana kamar an buɗe ƙofa.

Kada a fahimce ni a baibai, ni ba maƙiyin alƙaluma ba ne. Mutumin da yake kwana da littafin bashi a aljihu ba zai raina rubutu ba. Ƙorafina shi ne abu ɗaya tak muke ƙirgawa, shi ne kuma mafi sauƙin ruɗi. Wani Ba'amurke mai nazarin wasan, Dean Oliver, ya fitar da littafi a 2004 inda ya ce abubuwa huɗu ne suke raba mai nasara da mai faɗuwa, ya kuma ba kowanne nauyinsa: ingancin jifa kashi 40 cikin 100, rashin ɓarar da ƙwallo 25, cafe wadda ta dawo daga kwando 20, samun jifan kyauta bayan an yi maka ƙeta 15. Ana iya gardama a kan nauyin. Amma ka lura, duka huɗun na ƙungiya ne, kuma babu inda aka tambayi wane ne ya fi cin maki. Akwai kuma wani ma'auni mai sauƙi da yanzu ake sawa a takardar wasa: lokacin da wane yake cikin fili, da nawa muka fi su ko suka fi mu? Wannan yana tono irin su Katanga. Shi ma yana da nasa aibin, domin wanda kullum ake sa shi tare da gwanaye zai haska ko da tsayuwa kawai yake yi, kuma wasa ɗaya ko biyu ba sa isa a yanke hukunci da shi.

Yaran kuwa ban cika ganin laifinsu ba. Mu manya muka shirya musu kasuwar a haka. A gasannin unguwa da na makarantu da na halarta, kyautar da ake kira da ƙarfi bayan kofi ita ce ta wanda ya fi cin maki. Ban taɓa ganin an kira mai tsaron gida an ba shi ko sabulu ba. Bidiyon da ke yawo a TikTok da WhatsApp na daƙiƙa 20 ne, jifan da ya shiga kawai ake yankowa, waɗanda suka bugi ƙarfe suna cikin wayar mai ɗauka an goge. Yaro yana mafarkin wata rana ya sa rigar Gombe Bulls, ko Bauchi Nets, ko Kano Pillars, ko ma wani ya gan shi ya kai shi karatu waje, kuma ya san in baƙo ya zo kallo sau ɗaya zai zo. Me zai hana shi jefa duk ƙwallon da ta taɓa hannunsa? In da ni ne a shekarunsa, haka zan yi. Haka ma na yi, in za a bi gaskiya, har kocinmu na makaranta ya taɓa ajiye ni a benci wasa guda cur ban san dalili ba sai da na girma.

Gyaran kuma ba ya buƙatar kwamfuta ko tallafin kowa. Littafin rubutu na 'yan firamare da biro sun isa. A samu mutum biyu a bakin fili, ko cikin waɗanda ba a sa ba. Kowane ɗan wasa a ja masa layi huɗu: ya jefa ta shiga, ya jefa ta ƙi, ya ɓarar, ya cafe. Idan koci zai yi magana bayan wasa, ya fara karanta layi na biyu da na uku kafin na farko. Masu shirya gasa kuma, in za a ba sarkin maki kyauta, a faɗi jifa nawa ya yi a lasifika kowa ya ji, sannan a ware wata ga wanda koci-kocin ƙungiyoyin da aka kara da su suka ce shi ya fi takura musu.

Ranar da na ba ɗan ƙanena amsa, na buɗe masa littafina ya gani da idonsa. Kusan biyu cikin kowane jifa uku da ya yi ba su shiga ba. Bai ce komai ba, ya ɗauki jakarsa ya tafi, kwana biyu ko gaisuwa sama-sama yake yi mini. Asabar ta gaba sai ga shi tun kafin a fara, ya ce, "Baffa, yau ma za ka rubuta?" Na ce in sha Allahu. Da aka tafi hutun rabin lokaci ya zo yana haki ya leƙa, ya sa yatsa a layi na uku.

"Wannan ba ni na ɓarar ba. Fas ɗin ya yi kyau, shi ne bai cafe ba."

Na ce fas ɗin ya yi ƙarfi, kuma a gwiwa ka jefa masa. Ya ce Katanga ne ya makara wurin juyowa. Aka kira Katanga, ya ce shi dai ya ga ƙwallo ta wuce. Har aka busa komawa fili ba mu daidaita ba, sai na rubuta wa kowannensu rabi.